Sunayen da Na Goge a Shekarar Fari

Damanar da ta gabaci shekarar da soja suka karɓi mulki ba ta kai ko'ina ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke shirin fitar da kai, ya bushe a tsaye cikin gonaki, kuma kafin rani ya raba mutanen arewacin Mayahi sun fara ɓalle ƙyauren ɗakunansu suna kawowa kasuwa. Ni a lokacin ina aikin buga takardu a buron, wato ofishin, wata ƙaramar ƙungiya mai raba cimaka a ƙauyuka. Mu huɗu ne a buron. Akwai shugabanmu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda kowa ke ce wa Mushe. Akwai direba da mai tsaron magaza, ɗakin da muke ajiye cimaka. Sai ni da odinata ɗaya, wato kwamfuta, wadda sai an tokare ta da littafi ta baya take iya tsayuwa.

Aikina jerin sunaye ne. Masu gari su kawo takardu rubutattu da hannu, wasu da boko wasu da ajami, ni in zuba su cikin odinata. Amma yunwa ta riga ta watsa mutane. Magidanci zai rubuta sunansa a garinsu, sannan ya bi dangin matarsa zuwa Tchaké ya sake rubutawa can, don bai san inda kamyo, babbar motar hatsi, zai fara tsayawa ba. Wasu kuma da gangan suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Mushe ya ce buhunan da za a ba mu ba za su kai ba sai an cire duk wanda ya fito sau biyu. Ya ce in zauna in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da ido. Sunayen kuwa sun cika kwali uku.

Na ce masa akwai hanyar da ta fi wannan. Wani ɗan ƙanen babana da ya yi karatu a Maradi ya taɓa bar mini wani littafi da aka yi wa fotokofi, mai koyar da yadda ake rubuta furogaram, wato jerin umarnin da ake ba odinata ta bi. Na shafe fiye da shekara ina bin littafin nan duk ranar da aka kawo kuran, wato wutar lantarki, kuma babu aiki. Ban taɓa nuna wa kowa abin da na koya ba, kuma gaskiya ina ƙaiƙayin in nuna. Cikin kwana huɗu na rubuta furogaram da zai ɗauki sunan mutum da sunan ubansa, ya duba ko akwai irinsu a cikin jerin, in akwai ya bar ɗaya ya goge sauran. Na gwada shi da sunaye ashirin ya yi aiki. Da na zuba masa jerin gaba ɗaya sai ya tsaya cik, odinata ta yi zafi, fankarta tana kuka, babu abin da ya fito.

Babu wanda zan tambaya a Mayahi. Rezo ma, wato intanet, a buronmu sai ka buɗe shafi ɗaya ka je ka dawo bai gama buɗewa ba. Sai na roƙi direba ya riƙa tafiya da ni duk ranar da zai je Tessaoua sayen isansi, man mota, ya sauke ni a wani sibar, shagon shiga intanet, da ke kusa da tasha. A can na samu wani forom na masu rubuta furogaram. Kamar zaure yake: ka shiga ka ajiye tambayarka, duk wanda ya ga dama ya amsa, kowa yana gani. Da Faransanci ake magana, kuma yawancin mutanen wurin daga ƙasashen Turai suke. Ba wanda ke sa sunansa na gaskiya, sai laƙabi da ɗan hoto. Na yi sallama kamar yadda aka koya mini a gida, na faɗi daga inda nake da abin da jerin yake, na liƙa furogaram ɗina gaba ɗaya, na nemi taimako.

Bayan kwana uku na koma. Amsoshi sun taru, amma biyu ne suka tsaya mini.

Na farko hotonsa wani mutum ne sanye da baƙin gilashi. Ya ce, «Sannu da ƙoƙari, abokina na hamada. Ashe har can odinata ta kai? Raƙumi ne ke juya mata injin?» Ya sa alamar dariya, mutum uku suka taya shi. Sannan ya nuna mini inda na sa furogaram yana sake karanta jerin daga farko a kowane zagaye, ya rubuta mini gyaran, layi biyu kacal.

Na biyu hotonsa kwaɗon kulle ƙofa ne. Bai yi sallama ba, bai ce sannu ba. Ga abin da ya rubuta, don har yau na haddace shi: «Layi na arba'in da biyu shara ne. Kana gane mutum da sunansa kawai, kuma kana gogewa ba ka ajiye abin da ka goge ba. Wanda ya rubuta wannan bai kamata a bar shi kusa da odinata ba. Kada ka gwada shi a kan mutane na gaske.» Su duka sun ɗauka namiji ne ni, ban kuwa gyara musu ba.

Na karanta maganar mai kwaɗo sau uku. A gidanmu, wanda ya shigo maka bai yi sallama ba ya fara da zagi, ka riga ka san ba da alheri ya zo ba. Zolaya kuwa mun saba da ita. Taubashinka zai kira ka bawansa a gaban jama'a, ku yi dariya, gobe shi ne zai fara zuwa in wani abu ya same ka. Da wannan ma'aunin na auna mutanen nan biyu. Maganar raƙumi ta ɗan sosa ni, amma na ce wasa ne, ga shi kuma ya ba ni gyara a hannu. Wancan kuwa na ce ɗan rainin wayo ne da ya ga sunan ƙasarmu ya ji haushi mun iya abin da ya iya.

Na zauna na rubuta masa amsa mai tsawo. Na ce masa ni kaɗai na koya wa kaina, babu malami, babu kuran kullum. Na ce shi da ke zaune cikin sanyi da cikinsa a ƙoshe ba shi da hurumin gaya mini inda zan zauna da inda ba zan zauna ba. Na ce masa abubuwa da dama da ba su shafi layi na arba'in da biyu ba, layin kansa kuwa ko sake kallonsa ban yi ba.

Yana kan rezo a lokacin, don kafin in tashi amsarsa ta shigo. «Ban tambaye ka tarihin rayuwarka ba. Turo layi goma daga jerin, ka canza sunayen in kana so, in nuna maka.» Na ce a raina so yake ya samu sunayen mutanenmu ya yi musu dariya su ma. Sai mai baƙin gilashi ya shigo ƙarƙashinsa ya ce, «Rabu da tsohon nan, kowa ya san halinsa, ko uwarsa ce ta rubuta furogaram sai ya zage ta. Furogaram ɗinka lafiya lau yake. Sa shi aiki, mutane na jiranka.» Abin da nake son ji ke nan, na ɗauka na tafi.

Gyaransa ya yi aiki. Cikin ƙasa da minti ɗaya furogaram ya gama, jerin ya ragu sosai. Mushe ya tsaya bayana yana kallo, ya cire hula ya mayar, ya ce lalle zamani ya zo. Ya ɗauki buhunan da aka samu rara ya ƙara ƙauyuka biyu da da ba su cikin rabon. Ranar na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta haƙa rijiya ita kaɗai.

Rabon farko a wani gari muka yi shi can arewa, bayan an wuce Issawane, inda manoma da Buzaye makiyaya ke zaune tare. Soja biyu suka raka kamyon, don sababbin masu mulki sun ce duk wanda aka kama ya taɓa cimakar taimako zai gane kurensa. An shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin wata bishiyar aduwa. Ni ke kiran suna, mai tsaron magaza yana miƙa buhu, mai gari yana gefe yana shaida fuska. Mutane ba su yi hayaniya ba, ba su da ƙarfinta. Rana ta kusa tsakiya muka kai suna na ƙarshe, buhu na ƙarshe ya sauka daga kamyo.

Jama'a suka fara watsewa, sai mutum biyu suka rage tsaye. Ɗaya dattijo ne dogo da rawani wanda ya koɗe, ɗayan bai kai shi shekaru ba, hannuwansa duk tabon wuta irin na maƙera. Dattijon ya matso ya durƙusa daidai bakin tabarma.

Ya ce, «Ɗiyata, an gama?»

Na ce, «An gama, Baba.»

«Ban ji an kira ni ba.»

Na tambayi sunansa da na mahaifinsa, na bi takarda da yatsa na same shi. Na ce, «Ga shi nan, Baba, an kira, har an amsa.»

Ya ce, «An kira sau ɗaya, na bakin rijiya ya amsa. Mu uku muke da sunan nan garin ga, ubanninmu ma sunansu ɗaya. Shi na bakin rijiya, wanga na unguwar maƙera, ni na gidan raƙuma. Ina jira a sake kira.»

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kalmomin mai kwaɗo, kana gane mutum da sunansa kawai.

Mai gari ya taso. Ya ce wa Mushe, «Uku munka rubuta muku, da hannuna. Ina biyu sunka tahi?» Wata mata da ta ɗora buhunta a kai ta juyo ta ce sun sayar, ai dama haka ƴan buro suke. Wata ta tofa yawu kusa da ƙafata. Waɗanda suka fara tafiya suka dawo, sai ga wasu mutum huɗu su ma suna cewa ba a kira su ba, sun yi shiru ne suna tsammani akwai wani kamyo a hanya. Ɗaya daga cikin sojan ya sauko daga kan mota, ya miƙa wa Mushe hannu ya ce a ba shi takardar. Mushe ya ba shi, ya nuna ni da haɓa, ya ce, «Ita ke riƙe da odinata.»

Sojan ya dube ni ya dubi takardar. Ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya mayar da takardar. Dattijon yana nan durƙushe. Na ce masa, «Baba, kuskurena ne, za a gyara.» Ya ce, «Yaushe?» Mushe ya amsa masa da cewa sai kamyo na gaba. Dattijon ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya tafi, maƙerin ya bi bayansa.

Muka kama hanya har muka kusa Mayahi. Nan Mushe ya ce, ba tare da ya juyo ba, «Madam, na ce ki bi su da ido, kika ce kin fi ni sani. Kina da daga yau zuwa kamyo na gaba. In aka neme ni kan maganar nan, sunanki zan bayar.» Na so in tuna masa wanda ya cire hula yana cewa zamani ya zo, amma na haɗiye.

Washegari na biya kuɗin mota da kaina na je Tessaoua. Kafin in rubuta komai sai na sa mai sibar ya buga mini duk amsoshin a takarda, na koma kan benci na zauna da bik, wato biro. Na ce bari in soke duk kalmar da ta shafe ni ni kaina, ko ƙasarmu, ko Faransancina, in ga abin da zai rage. A maganar mai kwaɗo na soke shara, na soke bai kamata a bar shi kusa da odinata ba, na soke tarihin rayuwarka. Abin da ya rage shi ne lambar layi, da kuskure biyu da ya ambata da sunansu, da gargaɗi, da tayin in turo masa misali ya duba. Duk abin da ya rage abu ne da zan iya gwadawa in gani ko gaskiya ne, ba sai na yarda da shi ba. A maganar mai baƙin gilashi, bayan gyaran layi biyun nan na ranar farko, na soke na soke har takarda ta ƙare. Raƙumi, hamada, tsohon nan, rabu da shi, mutane na jiranka. Ko sau ɗaya bai sake taɓa furogaram ɗin ba, ni yake ta taɓawa.

Na shiga forom na rubuta abin da ya faru a garin nan, ban ɓoye komai ba. Na liƙa layi goma daga jerin da sunaye na ƙirƙira, na ce wa mai kwaɗo ya yi gaskiya, ina neman ya nuna mini.

Mai baƙin gilashi ne ya fara amsawa. Ya ce, «To ai ka rage wa ƙasarku bakunan ci, kamata ya yi a ba ka lambar yabo.» Aka sami masu taya shi dariya. Sannan ya lura da wani abu. A cikin ruɗewa na rubuta wata kalma da ƙarin harafin da mace ke sawa a Faransanci in tana maganar kanta. Ya ɗauko kalmar ya liƙa ta da manyan baƙaƙe, ya ce ashe ma mace ce, yanzu komai ya fito fili. Ya ce in koma in daka hatsin in na samu. Na tambaye shi abu ɗaya, na ce tun da ya ce furogaram ɗina lafiya lau yake, ya duba layi na arba'in da biyu kuwa? Amsarsa ita ce abin da har yau ban yafe ba. Ya ce tun ranar farko ya gani, makaho ma zai gani, so yake ya ga ko da gaske zan sa shi aiki.

Na daɗe ina kallon maganar nan. Mutumin nan ya san jerin na masu jin yunwa ne, don na faɗa tun a tambayata ta farko. Ya gyara mini abin da ke hana furogaram gudu, ya bar abin da zai goge mutane, ya ce mini in hanzarta. Ban san shekarunsa ba, ban san garinsu ba, ban san ko yana da iyali ba. Na san dai cewa a wani wuri akwai mutum da ya zauna kan kujera ya yi wannan don ya samu abin dariya na yini ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki saƙona ya kai wani ɓangare na forom inda ake tara abin ban dariya. Ya riƙa turo mini saƙo ta akwatin da ni kaɗai ke gani, da maganganun da ba zan maimaita ba. Na kai ƙara wurin masu kula da zauren, na haɗa musu duka. Bayan kwana biyu ɗaya daga cikinsu ya amsa cewa su duka ɓangarorin biyu su sassauta, wurin na koyo ne ba na faɗa ba. Ni ce ɓangare na biyu. Daga ranar ban sake ba mai baƙin gilashi amsa ko da harafi ɗaya ba. Ya yi ta jefo magana ƙarƙashin kowane saƙona har kusan mako biyu, da ya ga babu mai tanka masa ya koma kan wani ɗalibi da ya shigo da tambaya.

Mai kwaɗo ya amsa a ranar da na rubuta, can ƙasa da duk wannan hayaniya, kamar bai ga komai ba. Bai jajanta mini ba. Ya ce, «Na gaya maki. Yanzu daina kuka ki amsa: ban da suna, me ke cikin takardun na asali?» Na ce akwai gari, akwai unguwa a wasu, akwai yawan mutanen gida. Ya ce me ya sa ban zuba su duka ba, ko hannuna ciwo yake. Ya ce furogaram kada ya sake goge kowa, aikinsa ya tara waɗanda suka yi kama da juna a gefe, mutum mai ido da ya san garin shi zai yanke. Ya ce in ba kowane gida lamba tasa da ba ta canzawa. Na rubuta, na turo, ya ce layi na sha tara wauta ne, ya faɗi dalili. Na duba na ga wautar, na gyara. Sau biyar muka yi haka, kowane zuwa Tessaoua da zagi ɗaya da gyara ɗaya ko biyu. Sau ɗaya na ga shi ne ya yi kuskure, don ya ɗauka kowa na da ranar haihuwa a rubuce. Na gaya masa yawancin dattawanmu ba su da ita. Ya ce, «To cire wannan.» Bai yi gardama ba, bai kuma ce na yi daidai ba.

Sa'ata ɗaya ita ce kwalayen takardun masu gari suna nan a magaza, ba a zubar ba. Na kwashe su na sake zuba komai daga farko, da unguwa da yawan mutanen gida. Da sabon furogaram ya tara masu kama da juna, na kwafe su a kaye, littafin rubutu, direba ya riƙa kai ni wurin masu gari ina karanta musu. Kusan kowane gari akwai wanda na goge bisa kuskure. Waɗanda suka rubuta kansu sau biyu da gaske suna nan, amma ba su kai rabin abin da na cire ba. Wani mai gari ya ƙi ba ni tabarma, a tsaye na karanta masa. Wani ya ce da ɗiyarsa ce ni da ya san abin da zai yi mini. Ban musa wa kowa ba.

Kamyo na biyu ya zo bayan makonni. Muka fara da garin nan na arewa, don na roƙi Mushe a fara da shi. Na kira maƙerin da sunansa da unguwarsa, matarsa ce ta fito ta karɓa, ba ta dube ni ba. Ban tambayi abin da suka ci tsakanin kamyon farko da na biyu ba. Na kira na gidan raƙuma sau uku, babu amsa. Mai gari ya ce ya tattara iyalinsa da ƴan dabbobin da suka rage masa ya yi kudu, wajen iyakar Najeriya, kwana goma bayan zuwanmu na farko. Ya ce zai ajiye masa buhun a ɗakinsa ko zai dawo.

Da na koma sibar na rubuta wa mai kwaɗo saƙo na ƙarshe. Na yi masa godiya, don ya cancanta. Sannan na ce masa da ranar farko ya rubuta mini jimla ɗaya cewa mutum biyu suna iya zama da suna ɗaya, ba tare da ya kira aikina shara ba, da na ji shi, da dattijon nan bai bar garinsu ba. Ya amsa ya ce, «Na rubuta. Ke ce kika karanta zagin kika bar sauran. Ba aikina ba ne in sa ki ji daɗi.» Rabin farko na maganarsa gaskiya ne, kuma na ɗauki nauyinsa. Rabin na biyu ban yarda da shi ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Ya san abin da ke cikin jerin nan kamar yadda mai baƙin gilashi ya sani. Wanda ya ga ana shirin cutar da mutane, kuma yana son a ji shi, ba ya fara da kalmar da za ta toshe kunnen mai sauraro. Ban sa shi sahu ɗaya da mai baƙin gilashi ba, ba zan taɓa sawa ba. Amma ba na tuna shi da daɗi, kuma ban sake yi masa magana ba.

Ba a taɓa kiran Mushe kan maganar ba, abin da sojan nan ya rubuta a littafinsa bai je ko'ina ba. Duk da haka da kwantarata ta aiki ta ƙare bayan damana ba a sabunta ta ba. Mushe ya ce babu kuɗin biyan mai buga takardu, amma bayan wata guda na ji an ɗauki ɗan ƙanwarsa, kuma da furogaram ɗina yake aiki. Na tattara kayana na koma Tessaoua wurin yayata, na samu aiki a wani shagon buga takardu, inda nake har yanzu.

Shekara biyu bayan haka direban ƙungiyar ya biyo ta shagon yin fotokofi. Shi ya gaya mini buhun nan ya zauna ɗakin mai gari har ruwa ya sauka, sannan aka raba shi ga gidajen da ba su da irin shuka. Ya ce dattijon ya dawo garinsu a bara, ba shi da dabba ko ɗaya, yana zaune wurin wani ɗansa. Ya ce da suka je garin dattijon ya tambaye shi ko yarinyar nan mai takarda tana nan tare da su. Direban ya ce in ina so zai kai ni in gaishe shi, mako mai zuwa za su bi ta can. Na ce masa zan duba. Ban je ba.